Lissafi Kafin Harsashi: Nasiha ga Matasa daga Littafi Mai Tsarki

Akwai lokacin da yake zuwa a rayuwar matashi, bayan ya gama karatu ko koyon sana'a ya fara riƙe kuɗin kansa, da zancen gini yake shiga zuciyarsa, ko ɗaki ne a gidan mahaifinsa domin shirin aure, ko shago a bakin kasuwa, ko kuwa a sa shi cikin kwamitin ginin majami'ar unguwarsu. A irin wannan lokaci yakan ji shawara iri biyu masu karo da juna, domin wasu za su ce masa ya fara kawai da bangaskiya, Allah zai kawo sauran, wasu kuma su ce gini lamarin kuɗi ne da injiniya, addu'a ba ta da wurin zama a cikinsa. Littafi Mai Tsarki, wanda yake cike da labaran magina da garu da haikali da rumbuna, bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya nuna daga Farawa har zuwa wasiƙun manzanni shi ne cewa lissafi da bincike da biyan haƙƙin ma'aikaci suna cikin ayyukan bangaskiya, kuma mutumin da ya yi su duka ya san cewa ƙarshen al'amari yana hannun Ubangiji.

Zama a yi lissafi

A sura ta 14 ta Bisharar Luka, Yesu Almasihu ya kawo misalin mutumin da yake so ya gina hasumiya, wato dogon ginin da masu gonakin inabi a ƙasar Yahudiya da Galili suke yi domin mai gadi ya hango ɓarayi da dabbobi. Ya nuna cewa mai hankali yakan fara zama ya ƙididdige abin da aikin zai ci, ya ga ko abin da yake hannunsa zai kai shi ƙarshe, domin in ya sa harsashi ya kasa gamawa, duk mai wucewa zai mai da shi abin ba'a. Ainihin manufar misalin ita ce mai son bin Almasihu ya san nauyin abin da yake ɗauka tun kafin ya ɗauka, amma misalin ya tsaya ne a kan wata gaskiya da masu sauraro suka riga suka yarda da ita, kuma wanda ya faɗe ta mutum ne da mutanen Nazarat suka sani da sana'ar sassaƙa, kamar yadda Markus ya ambata a sura ta 6. Da a ce fara aiki ba tare da lissafi ba alama ce ta ƙarfin bangaskiya, da bai zaɓi irin wannan magini ya zama misalin wauta ba.

Kangayen da suke bayan garuruwa da yawa, waɗanda suka tsaya a linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ciyawa ta cika ɗakunansu, rodi ya yi tsatsa a kan ginshiƙansu, su ne bayanin wannan misali a zamanin yau. Mafi yawan masu su sun yi lissafi, sai dai lissafin bulo da siminti kaɗai suka yi, suka manta cewa katako da kwano da ƙofofi da tagogi da filasta da wayar lantarki da famfo da masai suna jiran su a gaba, kuma farashin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya yana jiran mai gini. Lissafin da ya cika yakan fara daga kuɗin fili da takardunsa, ya bi ta kan zane da izinin hukuma, ya ƙare a kan abin da za a kashe kafin mutum ya kwana a cikin ɗakin, sannan a ware wani abu domin abin da ba a zata ba. Wanda ƙarfinsa bai kai gida mai ɗaki huɗu ba, gara ya gina ɗaki ɗaya ya rufa shi kafin damina, a bisa zanen da zai ba shi damar ƙarawa daga baya, da ya ja bangon gida duka ya bar shi ruwa yana duka shekara da shekaru. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Littafin Karin Magana ya ƙara da tsara abin da ya kamata ya zo farko, inda a sura ta 24 ya shawarci mutum ya fara gyara gonarsa da aikinsa na waje, sa'an nan ya gina gidansa. Ma'anar wannan ita ce abin da yake kawo abinci shi ne yake ɗaukar nauyin gini, don haka matashin da ya kwashe jarin shagonsa, ko ya sayar da babur ɗin da yake nema da shi, ya zuba a fandisho, ya juya tsarin ne ƙafa sama. Littafin ya kuma yi gargaɗi a sura ta 22 cewa mai cin bashi yakan zama kamar bawa ga wanda ya ba shi, kuma bashin da aka ci domin gidan zama ya fi nauyi, saboda gidan ba ya haifar da kuɗin da za a biya shi.

Nehemiya da garun Urushalima

Babu labarin da ya nuna yadda addu'a da shiri suke tafiya tare kamar na Nehemiya. Shi Bayahude ne da yake zaune a Shushan, fadar sarakunan Farisa, yana riƙe da muƙamin mai shayar da sarki Artashate, wato amintaccen bawan da yake miƙa wa sarki abin sha. A shekara ta 20 ta mulkin wannan sarki, wajen 445 kafin haihuwar Almasihu, ɗan'uwansa Hanani ya kawo masa labarin cewa garun Urushalima a rushe yake, ƙofofinsa kuma an ƙone su, shekara kusan 140 bayan da Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci birnin. Nehemiya ya yi kuka da azumi da addu'a, amma bai buɗe baki a gaban sarki ba sai bayan kimanin wata huɗu, daga watan Kisle zuwa watan Nisan. Abin da ya faɗa a ranar da dama ta samu ya nuna abin da ya yi da waɗannan watanni, domin da sarki ya tambaye shi tsawon lokacin da tafiyar za ta ɗauka, ya ba da amsa a take, ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da zai ratsa ƙasashensu, ya kuma roƙi wasiƙa zuwa ga Asaf mai kula da kurmin sarki domin a ba shi katakon ƙofofi da na garu da na gidan da zai zauna. Mutumin da ya san sunan mai kula da kurmi tun kafin a tambaye shi, ya yi bincike a daidai lokacin da yake addu'a.

Da ya isa Urushalima ya yi kwana uku bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba, sannan ya tashi da dare tare da mutane kaɗan, a kan dabba ɗaya, ya fita ta Ƙofar Kwari ya bi ta Ƙofar Juji yana duba wuraren da garun ya zube, har ya kai kusa da Ƙofar Maɓuɓɓuga inda tarin duwatsu ya hana dabbar wucewa, ya bi ta cikin kwarin ya ci gaba da dubawa kafin ya koma. Sai bayan ya ga girman ɓarnar da idonsa ne ya tara shugabanni ya kira su ga aiki. Wannan darasi ne ga matashin da yake biyan kuɗin fuloti a bisa maganar dillali, bai je ya taka filin da ƙafarsa ba, bai tambayi mai unguwa da maƙwabta tarihinsa ba, bai ga yadda ruwa yake kwanciya a wurin a watan Agusta ba, bai kuma bincika a ofishin filaye ko takardar shaidar mallakar ta gaskiya ce ba. Haka kuma darasi ne ga mai shelar aiki a gaban jama'a tun bai san abin da aikin ya ƙunsa ba.

Sura ta 3 ta littafin Nehemiya jerin sunaye ce da mai karatu mai gaggawa yakan tsallake, alhali a cikinta ne hikimar aikin take. An raba garun kashi kashi, babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa suka ɗauki Ƙofar Tumaki, maƙeran zinariya da masu haɗa turare da 'yan kasuwa kowa ya ɗauki rabonsa, wani shugaba mai suna Shallum ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata, mutane da yawa kuma aka ba su sashen da yake daura da gidajensu, inda mutum ba zai yarda ya yi algus ba tun da iyalinsa ne za su kwana a bayan wannan bango. Littafin bai ɓoye cewa manyan garin Tekowa sun ƙi sa hannu ba, amma aikin bai tsaya jiran su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai dai taron hannu ma ba ya ɗauka in ba a gaya wa kowa inda zai kama ba.

Wahala ta zo daga waje da kuma daga ciki. Abokan gaban aikin, Sanballat da Tobiya da Geshem, sun fara da ba'a, har Tobiya yana cewa ko dila ya hau ginin zai rushe shi, daga baya suka shirya kai hari, kuma a daidai lokacin da garun ya kai rabin tsayinsa ne ƙarfin masu ɗaukar kaya ya fara ƙarewa saboda yawan tarkace. Nehemiya ya sa aka yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana, rabin mutanensa suna aiki rabi suna riƙe da makamai, mai busa ƙaho yana tsaye kusa da shi domin a taru wuri ɗaya in an kawo hari. Ta cikin gida kuwa, talakawa suka kawo kukan cewa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu, har 'ya'yansu suna shiga bauta a hannun 'yan'uwansu masu ba da bashi, sai ya tara manya ya sa suka mayar da abin da suka karɓa, shi kansa kuma shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, ko da yake mutum 150 suke ci a teburinsa. Sau huɗu abokan gaba suka aika masa ya sauko su gana a filin Ono, sau huɗu ya ƙi barin aikin. An gama garun cikin kwana 52, kuma da aka kafa ƙofofi ya naɗa masu tsaronsu da masu kula da birnin, domin gini yana bukatar mai kula bayan an gama shi.

Gwaninta da ingancin aiki

Lokacin da aka umarci Musa ya yi alfarwa ta sujada, wato tantin da Isra'ilawa suke ɗauka a jeji domin ibada, Littafin Fitowa ya ce Allah ya kira Bezalel na kabilar Yahuza da Oholiyab na kabilar Dan, ya ba su fasahar aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace, da ikon koya wa wasu. Musa annabi ne, amma bai karɓi guduma daga hannun Bezalel ba. Haka Sulemanu, wanda aka san shi da hikima, ya amince cewa babu masu iya saran itace kamar mutanen Sidon, ya ƙulla yarjejeniya da Hiram sarkin Taya, ana saro itacen al'ul a Lebanon a ɗaure shi a bi da shi ta teku zuwa Yafa, shi kuma yana biya da alkama da mai kowace shekara. Haikalin da ya fara a shekara ta 4 ta mulkinsa, mai tsawon kamu 60 da faɗin kamu 20 da tsayin kamu 30, kamu kuwa shi ne awo daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, ya ɗauki shekara 7, kuma an sassaƙe duwatsunsa tun a mahaƙa yadda ba a ji ƙarar guduma ko gatari a wurin ginin ba. Wannan ba zai yiwu ba sai an san awon kowane dutse da mazauninsa tun kafin a ɗauko shi. Tun ran gini tun ran zane, in ji masu iya magana.

Saboda haka kuɗin da aka biya mai zane da injiniya ba asara ba ne, kuma fasto ko dattijon ikkilisiya, komai ibadarsa, ba shi ne zai yanke yawan rodin da za a sa a ginshiƙi ba. A sura ta 6 ta Bisharar Luka, magini mai hikima shi ne wanda ya haƙa ƙasa da zurfi har ya kai ga dutse kafin ya sa harsashi, kuma ba a ga bambancinsa da maƙwabcinsa ba sai ranar da rigyawa ta zo. Misalin yana magana ne a kan mai jin maganar Almasihu yana aikata ta, amma duk birkila ya san cewa algus a ɓoye yake zama. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma mai buga bulo da ya ja shi ya fitar da bulo fiye da ƙima zai ba da abin da yake marmashewa in an murza shi da yatsa. Kankaren da aka saba haɗawa da awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, yana bukatar a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko, kuma yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniyoyi suke aunawa, don haka wanda ya cire katakon da yake tallafe da rufin kankare tun bai yi ƙwari ba, ko ya rage kaurin rodi, ko ya ɗora bene a kan fandishon da aka yi domin gidan ƙasa, ya haƙa rami ne ga mutanen da bai ma san su ba. Annabi Ezekiyel, a sura ta 13, ya kwatanta annabawan ƙarya da masu shafa farar ƙasa a kan bango marar ƙarfi, ya ce ruwa da iska za su tone asirinsu.

Shari'ar Musa ta ɗora wa mai gida alhakin ran da ya salwanta saboda sakacinsa. Maimaitawar Shari'a sura ta 22 ta umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani, wato gajeren bangon da ake zagaye saman soro da shi, domin mutanen wancan zamani suna hawa rufi su sha iska su yi shanya, kuma in wani ya faɗo, jininsa yana kan gidan. Wannan doka ba ta tsufa ba. A watan Satumba na 2014, masaukin baƙi mai hawa shida na wata majami'a a Legas ya rushe ya kashe mutum 116, kuma binciken da aka yi ya nuna ba a sami izinin hukuma kafin a ƙara benayen ba. A watan Yuli na 2024, ginin wata makaranta a unguwar Busa Buji a Jos ya rufta ɗalibai suna cikin azuzuwa, mutum 22 suka rasu. Sunan Allah da aka rubuta a jikin bango ba ya maye gurbin rodin da aka rage.

Haƙƙin ma'aikaci da amanar kuɗi

Annabi Irmiya, a sura ta 22, ya yi wa sarki Yehoyakim kashedi mai zafi saboda yana gina wa kansa fada mai faffaɗan benaye da manyan tagogi, an lulluɓe ta da itacen al'ul an shafe ta da jan fenti, alhali yana sa mutane aiki ba ya biyan su. Littafin Firistoci da Maimaitawar Shari'a sun hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, domin talaka ne kuma a kan wannan kuɗi ya sa ransa, Yakubu kuma a Sabon Alkawari ya ce ladan da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji. Ko Sulemanu bai tsira daga sakamakon wannan ba, domin ya tara mutum 30,000 aikin tilas, ana aika 10,000 Lebanon kowane wata, ban da masu ɗaukar kaya 70,000 da masu fasa dutse 80,000, ya kuma shafe shekara 13 yana gina fadarsa. Da ya rasu, jama'a suka roƙi ɗansa Rehobowam ya sassauta musu, shi kuwa ya yi watsi da shawarar dattawa ya bi ta samarin da suka tashi tare, sai kabilu goma suka balle, aka jejjefe shugaban aikin tilas har ya mutu. Matashin da ya ɗauki lebura ko kafinta ya yi jinga da shi a fili tun kafin a fara, ya biya shi a ranar da aka yi alkawari, in kuwa babu kuɗin a hannu kada ya kira shi. Haka nan kada ya matsa katangarsa taku ɗaya cikin filin maƙwabci ko cikin hanya ko a kan magudanar ruwa, domin Shari'a ta la'anci mai kawar da alamar iyaka.

Game da kuɗin jama'a kuwa, Musa da kansa ya sa aka rubuta abin da aka kashe a alfarwa a ƙarƙashin kulawar Itamar ɗan Haruna, har aka ƙididdige zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, talanti kuwa ma'aunin nauyi ne da ya haura kilo 30, kuma da masu aiki suka ce abin da aka kawo ya isa har ya yi yawa, sai ya sa aka yi shela a daina kawowa. A zamanin sarki Yowash, kuɗin gyaran haikali ya yi ta shiga hannun firistoci har shekara ta 23 ta mulkinsa ba a gyara komai ba, sai firist Yehoyada ya huda murfin wani akwati ya ajiye shi kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare su ɗaure, a miƙa wa masu lura da aiki, su kuma su biya masassaƙa da magina. Manzo Bulus ma, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi. Matashin da aka ba ma'ajin kwamitin gini ya nemi a riƙa ƙirga baiko mutum biyu ko uku, a sa shi a asusun banki da ba mutum ɗaya yake sa hannu ba, a ajiye rasit na kowane buhu, a karanta wa jama'a rahoto a kan lokaci. Wanda ya ji haushi don an tambaye shi lissafi ya ɗora kansa sama da Musa da Bulus.

Domin wa ake ginin

Ana iya cika duk waɗannan sharuɗɗa, aikin kuma ya zama banza, in niyyar da take ƙarƙashinsa ta lalace. Mutanen Babila a Farawa sura ta 11 suna da haɗin kai da fasahar gasa tubali da kwalta a madadin laka, amma burinsu shi ne su yi wa kansu suna, sai aka warwatsa su ginin ya tsaya. Attajirin da yake Luka sura ta 12 ya yi lissafi mai kyau na rushe rumbunansa ya gina manya, abin da bai sa a lissafin ba shi ne Allah da maƙwabci da ranar mutuwarsa, wadda ta zo a daren nan. A ɗaya gefen kuma, annabi Haggai a shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu ya tsawata wa waɗanda suka komo daga bauta domin sun ƙawata gidajensu sun bar Haikali a kango suna cewa lokaci bai yi ba, wanda ya nuna cewa jinkiri ma yakan ɓuya a bayan sunan shiri. Da suka ji, suka koma aiki a ƙarƙashin shugabansu Zarubabel cikin wannan wata, aka gama a shekara ta 6 ta mulkin Dariyus. Dawuda kuwa, da aka gaya masa ba shi zai gina haikali ba, bai yi fushi ba, ya tara duwatsu da ƙarfe da tagulla da itace, ya miƙa wa ɗansa zanen, ya yarda wani ya gama abin da shi ya shirya.

Girman gini ba shi ne ma'aunin karɓuwarsa ba. Majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da take Wusasa, wadda aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa bayan da mishan ɗin CMS ya koma can daga birnin Zariya a 1929, tana tsaye har yau, alhali haikalin Hirudus, wanda aka ce wa Yesu an yi shekara 46 ana gina shi, sojojin Roma sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Zabura ta 127 ta koyar cewa wahalar magina banza ce in Ubangiji ba ya cikin aikin, Yakubu kuma ya gargaɗi 'yan kasuwa masu tsara tafiyar shekara guda da ribarta su riƙa jingina shirinsu ga yardar Ubangiji, tun da ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Babu ɗayansu da ya hana shiri. Abin da suka hana shi ne fariya. Bulus, wanda ya kira kansa gwanin magini a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ce harsashin ikkilisiya Almasihu ne, kowa kuma ya lura da abin da yake ɗorawa a kai, ko zinariya da azurfa ko itace da ciyawa, domin wuta za ta gwada aikin kowa.

Don haka matashin da yake da niyyar gini, ko na gida ko na sana'a ko na majami'a, ya fara da addu'a, ya ɗauki takarda da biro ya yi lissafi har zuwa makullin ƙofa, ya je ya duba wurin da idonsa, ya nemi shawarar dattawa da ta masu sana'ar, ya gina abin da ƙarfinsa zai iya rufawa, ya biya lebura kafin rana ta faɗi, ya kuma buɗe littafin kuɗinsa ga duk mai haƙƙin dubawa. In ya yi haka ya gama, ya gode wa Allah da ya ba shi iko, in kuma wani abu da ya fi ƙarfinsa ya tsayar da shi, ba zai ji kunyar haɗa ido da kowa ba. Allah ya ba matasa hikimar farawa da ƙarfin gamawa.